Darasi: Masai Ujiri da Sana'ar Ƙwallon Kwando, daga Zariya zuwa Toronto

Ƙwallon kwando wasa ne da ƙungiyoyi biyu suke bugawa da hannu, kowace da ƴan wasa biyar a cikin fili, kuma kowane ɓangare yana ƙoƙarin jefa ƙwallo cikin wani zoben ƙarfe mai raga da aka kafa a sama, a gefen abokan karawarsa. A gundumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji, kamar sauran sassan jihar Maraɗi, kokowa da ƙwallon ƙafa su ne wasannin da suka fi shiga jinin jama'a, kuma hakan ba abin mamaki ba ne, ganin cewa ɗan wannan jiha, Yakuba Ango wanda aka fi sani da Kantu, shi ne ya fara ɗaukar takobin kokowa na ƙasa a garin Tawa a shekarar 1975. Ƙwallon kwando kuwa, yawancin mutanen karkara a talabijin ko a wayar salula suke ganinsa, abin da ya sa ake ɗaukarsa wasan mutanen birni ko na dogayen Amurkawa. Amma a duniya sana'a ce cikakkiya da dubban mutane suke ci da iyalinsu da ita, kuma ɗaya daga cikin mutanen da suka fi yin suna a cikinta a wannan zamani a ƙasar Hausa ya tashi, a birnin Zariya, garin da ba baƙo ba ne ga fatake da almajirai da ƴan ci-ranin Katsinar Maraɗi da Gobir. Wannan mutum shi ne Masai Ujiri, kuma ta hanyar tarihinsa ne wannan darasi zai nuna yadda rayuwar ƙwararren ɗan wasa take, wato wanda ya ɗauki wasa a matsayin aikin da ake biyansa albashi a kansa.

Asalin wasan da ƙa'idojinsa

Wani malamin motsa jiki ɗan ƙasar Kanada mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro wasan a watan Disamba na 1891, a garin Springfield na jihar Massachusetts a Amurka, domin ya sama wa ɗalibansa abin yi a cikin ɗaki a lokacin sanyi, kuma kwandunan ƴaƴan itace guda biyu da ya rataya a sama su ne suka ba wasan sunansa. An kafa hukumar wasan ta duniya, wadda ake kira FIBA, a birnin Geneva a 1932, an shigar da shi wasannin Olamfik a Berlin a 1936, sannan ƙasashen Afirka suka kafa tasu hukumar a Alƙahira a 1961.

Bisa ƙa'idar FIBA, fili yana da tsawon mita 28 da faɗin mita 15, zoben kuma yana tsaye a kan mita 3 da santimita 5 daga ƙasa, manne da wani allo mai kusurwa huɗu wanda ƙwallo yake iya bugawa ya dawo ya faɗa cikin raga. Ba a yarda ɗan wasa ya yi tafiya riƙe da ƙwallo ba. Sai dai ya riƙa buga shi a ƙasa yana dawowa hannunsa, ko ya miƙa wa abokinsa, ko ya yi jifa. Jifan da ya shiga daga kusa maki biyu ne, wanda aka yi daga bayan wani layi mai lanƙwasa da ke da nisan mita 6 da santimita 75 maki uku ne, jifan tara kuma, wato wanda alƙalin wasa yake bayarwa idan an yi wa ɗan wasa ƙeta, maki ɗaya ne. Ana raba wasa zango huɗu, kowane na minti 10, kuma ƙungiyar da ƙwallo yake hannunta tana da daƙiƙa 24 kacal ta yi jifa, in ba haka ba a karɓe a ba abokan karawarta. Wannan ƙa'ida ta ƙarshe ita ce ta sa wasan ba ya da wurin hutawa, domin kafin mutum ya gama sauke numfashi daga gudun da ya yi zuwa wancan gefe, an riga an juyo da ƙwallo zuwa nasa.

Akwai wani sharaɗi da ya kamata mai karatu ya riƙe tun yanzu, saboda shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya. Ƙwallon ƙafa da kokowa ana yinsu a kan rairayi, har ma kokowa ta fi son rairayin, amma ƙwallon kwando ba ya tashi a kan yashi, don haka sai an sami daɓen siminti ko na katako mai santsi da daidaito, da turaku biyu na ƙarfe. A ƙasa mai jigawa irin ta Agye da Gazawa, yaro yana iya yin tsawo da ƙarfi da saurin hannu, amma idan babu daɓe a garinsu zai girma har ya tsufa bai san yana da baiwar wannan wasa ba.

Yarinta a Zariya

An haifi Masai Ujiri ranar 7 ga Yuli 1970 a garin Bournemouth na Ingila, inda iyayensa suke karatu. Mahaifinsa ɗan Najeriya ne daga ƙabilar Isoko ta yankin da ya zama jihar Delta a yau, mahaifiyarsa kuma likita ce ƴar ƙasar Kenya. Yana ƙarami ƙwarai iyalin suka koma Najeriya suka zauna a Zariya, inda uban ya yi aikin tafiyar da harkokin asibiti da koyar da ma'aikatan jinya. Kamar kowane yaro a arewacin Najeriya, da ƙwallon ƙafa ya fara, kuma sai da ya kai shekara 13 sannan ya soma jefa ƙwallon kwando a filayen da suke a sarari.

Abin da ya bambanta Zariya da sauran garuruwa a wancan lokaci shi ne Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, da kuma wani mai horarwa Ba'amurke mai suna Oliver Johnson, wanda ya zauna a Najeriya ya kwashe shekaru masu yawa yana koyar da wasan a can, har ya zama uba ga ƴan wasa da dama, kuma Ujiri kansa yakan ambace shi a cikin waɗanda suka raine shi. Ke nan yaron ya sami abubuwa uku a wuri guda: fili, da malami, da gidan da aka ɗauki karatu da muhimmanci. A daidai waɗannan shekaru ne kuma labarin Hakeem Olajuwon ya cika Najeriya. Shi Olajuwon a Legas aka haife shi a 1963, ya fara da tsaron gida a ƙwallon ƙafa da kuma ƙwallon hannu, ya tafi Jami'ar Houston, sannan a 1984 aka ɗauke shi a matsayin na farko cikin dukan sababbin ƴan wasan da suka shiga gasar NBA, wadda ita ce gasar ƙwallon kwando mafi girma da tsada a duniya. Daga baya ya ci kofin gasar sau biyu, a 1994 da 1995, kuma Musulmi da yawa sun ƙara saninsa saboda yana buga wasa da azumi a bakinsa a watan Ramadan. Yaran Zariya irin su Ujiri a mujallu da kasakasan bidiyo suke ganinsa, kuma shi ne ya tabbatar musu da cewa ɗan Afirka yana iya kai wa can.

Ujiri bai kai tsawon Olajuwon ba. Tsawonsa mita 1 da santimita 93 ne, wanda a kasuwar Gazawa dogo ne na nunawa da yatsa, amma a wannan wasa matsakaici ne, don haka a bayan fili ya riƙa wasa, inda ake ɗauko ƙwallo ana rarraba wa abokai ko a yi jifa daga nesa.

Karatu a Amurka da shekarun Turai

A Amurka hanyar zama ƙwararren ɗan wasa ta cikin makaranta take bi, domin makarantun sakandare da jami'o'i suna da ƙungiyoyinsu da gasarsu, kuma jami'a takan ɗauki nauyin karatun yaro da abincinsa da makwancinsa idan zai buga mata wasa, muddin ya cika sharuɗɗan karatu. Ujiri ya fara zuwa wata makarantar sakandare a birnin Seattle, daga nan ya shiga kwalejin Bismarck da ke jihar North Dakota, wuri mai tsananin sanyi da ƙanƙara, inda ya yi shekara biyu yana wasa. Ya koma wata jami'a a garin Billings na jihar Montana, amma bai daɗe ba ya bar ta ya nufi Ingila domin ya fara wasa don kuɗi.

A nan ne ya kamata a dakata, saboda masu ba da labarin Ujiri sukan tsallake wannan zango da sauri, alhali shi ne ainihin rayuwar mafi yawan ƙwararrun ƴan wasa. Gasar NBA tana da ƙungiyoyi 30, 29 a Amurka, ɗaya a Kanada, kuma kowace tana da gurbin ƴan wasa 15 na dindindin, wato kimanin mutum 450 ke nan daga duniya baki ɗaya. Sau ɗaya a shekara ake yin zaɓen sababbin ƴan wasa, inda ƙungiyoyin suke ɗauka bi da bi, ana ba waɗanda suka fi rauni a kakar da ta wuce fifikon fara zaɓe, kuma kimanin mutum 60 kawai ake ɗauka. Duk wanda bai shiga ba, kuma yana son ya ci gaba, sai ya nemi ƙungiya a Turai ko Asiya ko Kudancin Amurka ko Afirka. Ujiri yana cikin waɗannan. Bai taɓa buga wasa ko ɗaya a NBA ba. Shekara shida ya yi yana yawo a ƙananan ƙungiyoyin Turai, a Ingila, inda ya buga wa ƙungiyoyin Derby da Solent, da Beljiyam da wasu ƙasashe.

Ɗan wasa a irin wannan mataki ya fi kama da ɗan ci-rani fiye da attajirin da ake gani a talabijin. Kwantiraginsa, wato takardar yarjejeniyar aiki tsakaninsa da ƙungiya, sau da yawa ta kaka ɗaya ce, kakar wasa kuma watanni ne daga ƙarshen damina zuwa bazara, don haka idan ta ƙare sai ya tattara jakarsa ya jira ya ga ko za a sake kiransa. Ƙungiyoyi da yawa suna da iyakar yawan baƙin da aka yarda su sa, saboda haka baƙo shi ake fara sallama idan an yi ta shan kaye. Tsakaninsa da ƙungiya akwai wakili, wanda aikinsa dillanci ne, yana nemo masa wuri ya karɓi la'adarsa. Jarinsa kuwa jikinsa ne kawai: gwiwa, da idon sawu, da jijiyar dunduniya, waɗanda tsalle da sauka da juyi na farat ɗaya suke ci a hankali, kuma rauni guda a ɗaya daga cikinsu yana iya ajiye mutum shekara guda ko ya raba shi da sana'ar ɗungurungum. Ko an tsira daga rauni, kaɗan ne suke wuce shekara 35 suna wasa, ke nan a daidai shekarun da manomi ko maƙeri ko tela yake ƙara gwanancewa a sana'arsa, ɗan wasa ya riga ya gama da tasa. Ujiri ya daina wasa a 2002, yana da kimanin shekara 32 a duniya, ba tare da ya tara dukiyar da zai zauna ya ci ba.

Aikin da ba albashi

Bayan ya ajiye wasa ya koma ga horar da matasa a Najeriya. A wannan shekara ta 2002 ya raka wani matashin ɗan wasa ɗan Najeriya zuwa gwaji a ƙungiyar Orlando Magic ta NBA, kuma shugabannin ƙungiyar suka lura da yadda ya san ƴan wasan Afirka da Turai, suka yarda ya zama musu mai zaƙulo ƴan wasa, amma ba tare da albashi ba. Mai zaƙulo ƴan wasa shi ne mutumin da ƙungiya take aikawa ya kalli matasa a inda suke, ya rubuto rahoto a kansu, domin a san wanda ya cancanci a ɗauka. Aiki ne na ido da alƙalami. Mai yinsa yakan zauna a gefen fili da littafinsa, kuma ba yawan makin da yaro ya ci ne kaɗai yake dubawa ba. Yana kallon tsawon hannuwansa idan ya ware su, da yadda ƙafafunsa suke motsi idan yana tsare abokin karawa, da ko yana iya amfani da hannun hagu, da abin da yake yi a lokacin da ƙwallo ba ya hannunsa, har da yanayin fuskarsa idan mai horarwa ya fitar da shi ko ya yi masa faɗa. Bayan wasa kuma sai ya bincika halinsa wajen malamansa da abokan zamansa.

Ujiri ya yi wannan aiki da kuɗin aljihunsa, yana biyan kuɗin jirgi da kansa, yana raɓa kwana a ɗakunan ƴan wasa da abokan sana'a da ya sani tun zamanin wasansa. A nan ne shekarun nan shida da ake ganin ba su tsinana masa komai ba suka biya shi, domin su ne suka ba shi sanin garuruwa da masu horarwa da ƙananan gasanni waɗanda ma'aikatan da ke zaune a ofis a Amurka ba su san da su ba. A 2003 ƙungiyar Denver Nuggets ta ɗauke shi da albashi, bayan kaka huɗu Toronto Raptors ta Kanada ta ɗauke shi a 2007 ya shugabanci sashen zaƙulo ƴan wasa na duniya, a 2008 ya zama mataimakin babban manaja, sannan a 2010 Denver ta dawo da shi ta damƙa masa ragamar harkokin wasanta gaba ɗaya. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya riƙe irin wannan muƙami a manyan gasannin wasa na Amurka.

Babban manaja ba shi ne mai horarwa ba. Shi ne wanda yake ɗaukar mai horarwa, ya zaɓi ƴan wasa, ya ƙulla kwantiragi, ya kuma yi musaya, domin a NBA ba kasafai ake sayen ɗan wasa da tsabar kuɗi kamar a ƙwallon ƙafa ba, sai dai ƙungiya ta ba da nata ta karɓi na wata. Watanni kaɗan da kama aiki, a Fabrairun 2011, Ujiri ya miƙa tauraron Denver, Carmelo Anthony, wanda ya riga ya nuna yana son tafiya, ga ƙungiyar New York Knicks, ya karɓo ƴan wasa da dama a madadinsa. A kakar 2012 zuwa 2013 Denver ta ci wasa 57 cikin 82, kuma aka zaɓe shi gwarzon manajoji na shekara, wanda shi ne karo na farko da wanda ba Ba'amurke ba ya sami wannan lamba. A ƙarshen watan Mayu na 2013 ya koma Toronto.

Kofin 2019

A Toronto ya gina ƙungiya a hankali, kuma idonsa na mai zaƙulowa ya fito fili a 2016 lokacin da ƙungiyar ta ɗauki Pascal Siakam, ɗan birnin Duwala na Kamaru, a matsayi na 27, wato bayan an ɗauki mutum 26 a gabansa, alhali saurayin bai fara wasan sosai ba sai da ya kusa gama sakandare. Duk da haka shekara da shekaru ƙungiyar tana yin kyau a tsakiyar kaka, idan an zo wasannin sili-ɗaya-ƙwale na neman kofi kuma sai a fitar da ita. A 2018 Ujiri ya yanke hukunci biyu masu ɗaci. Ya sallami mai horarwa Dwane Casey, wanda ya ci wasa 59 a wannan kaka, har aka ba shi lambar gwarzon masu horarwa bayan an riga an sallame shi, sannan a watan Yuli ya ba ƙungiyar San Antonio ɗan wasan da mutanen Toronto suka fi ƙauna, DeMar DeRozan, wanda ya yi musu shekara tara, ya karɓo Kawhi Leonard, wanda wasa tara kawai ya buga a kakar da ta gabata saboda rauni, kuma shekara ɗaya ta rage a kwantiraginsa. DeRozan ya ji zafin abin ƙwarai kuma bai ɓoye ba. Wannan ma wani gefe ne na rayuwar ɗan wasa da ya kamata a sani: komai sunansa, ana iya kwana da shi a wannan gari a wayi gari an mayar da aikinsa wani, ba tare da an nemi yardarsa ba.

Kasadar ta yi riba. Ranar 13 ga Yuni 2019, a birnin Oakland, Toronto ta doke Golden State Warriors da maki 114 da 110, ta cika nasara huɗu cikin wasa shida, ta zama ƙungiya ta farko daga wajen Amurka da ta ɗauki kofin NBA, kuma a cikin ƴan wasanta akwai Siakam da Serge Ibaka ɗan ƙasar Kwango. Leonard bai ƙara wata guda ba ya bar ƙungiyar, abin da ya nuna cewa masu sukar musayar ba su yi ƙarya ba a kan haɗarinta, sai dai kofin ya riga ya shiga hannu.

A daren nan wani abu ya faru wanda ya daɗe ana magana a kansa. Da aka tashi wasa, Ujiri ya nufi fili domin ya taya ƴan wasansa murna, yana ƙoƙarin zaro katin shaidarsa daga cikin kwat, sai wani jami'in tsaro ya tare shi ya ingiza shi, ya sake ingiza shi, shi ma ya rama. Jami'in ya kai shi ƙara kotu yana cewa an ji masa ciwo, amma a watan Agustan 2020 aka fito da hoton bidiyon kyamarar da ke maƙale a ƙirjin jami'in, wanda ya nuna shi ne ya fara, kuma a Fabrairun 2021 ya janye ƙarar. Ujiri ya fito fili ya danganta abin da launin fatarsa. Ya ci gaba da shugabancin ƙungiyar har zuwa watan Yunin 2025, lokacin da suka rabu bayan wasu kakanni da ba su yi armashi ba.

Abin da ya dawo da shi gida

Tun a 2003, lokacin da shi kansa bai gama tsayawa da ƙafafunsa ba, Ujiri ya kafa gidauniyar Giants of Africa, wadda ta fara da sansanin horar da matasa a Najeriya, daga baya ta bazu zuwa ƙasashen Afirka da dama, tana ɗaukar samari da ƴan mata. Ya kuma daɗe yana jagorantar sansanin matasa da NBA da FIBA suke shiryawa a nahiyar, wanda Siakam ya halarta a 2012. A 2021 gidauniyar ta yi alkawarin gina filaye 100 a Afirka, kuma a 2025 aka buɗe wata cibiyar wasanni da masauki a Kigali, babban birnin Ruwanda, wadda Ujiri ya raɗa wa sunan Zariya. Wanda ya duba da kyau zai ga cewa mutumin da ya kai ƙololuwar sana'ar, da ya tashi taimakon na baya, daɓen siminti ya sa a gaba.

Hanyar ma ta ɗan gajarta a yanzu. A watan Mayun 2021 aka buɗe gasar ƙungiyoyin Afirka da ake kira BAL, wadda NBA da FIBA suka haɗa hannu suka kafa, ƙungiyoyi 12 suka fafata a Kigali, Zamalek ta Masar ta ɗauki kofin farko. Ƙungiyar Nigelec ta Yamai ta shiga wasannin share fagen gasar, kuma ɗan Nijar Abdoulaye Harouna, wanda ya yi karatu ya kuma yi wasa a wata jami'a a jihar Ohio ta Amurka, ya buga gasar da ƙungiyar FAP ta Kamaru a 2021, sannan da AS Salé ta Maroko a 2022. A Najeriya ƙungiyar Kano Pillars ta daɗe cikin manyan ƙungiyoyin ƙasar, ƴan wasan ƙasa maza sun ci kofin Afirka a 2015, mata kuma sun ci sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, abin da ya isa ya nuna cewa wasan ba na maza kaɗai ba ne.

Ga iyaye a Agye da Gazawa da Gidan Rumji, abubuwan da za a iya yi ba su da nisa. Na farko takardar haihuwa ce, domin gasannin matasa bisa shekaru ake raba su, kuma yaron da ba a yi masa rajista ba, ko aka rage masa shekaru da gangan, ƙofar takan rufe masa a daidai lokacin da aka fara bincike. Sai barin yaro a makaranta, tunda ta nan masu horarwa suke samunsa, kuma tarihin Ujiri ya nuna cewa shekara shida ya yi yana cin abinci da ƙafafunsa, ya yi fiye da shekara 20 yana ci da idonsa da rubutunsa da iya hulɗarsa da mutane. A kewayen kowane ɗan wasa akwai mai horarwa da alƙalin wasa da mai kula da lafiya da mai rubuta maki da ɗan jarida, kuma duk waɗannan ayyuka sai wanda ya iya karatu. Haka kuma duk wanda ya zo yana neman a sayar da gona ko bisashe a ba shi kuɗi domin ya kai yaro Turai gwaji, a yi hattara da shi, domin ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske ita ce take ɗaukar nauyin zuwansa, kuma takardunsa ta hukumar wasan ta ƙasa suke bi.

Aikin wannan darasi na fili ne. Ana buƙatar masu karatu su ɗauki igiya da ma'auni su je harabar makarantar garinsu, su auna mita 28 a tsawo da mita 15 a faɗi, su ga ko wurin zai ɗauka, sannan su tambayi magini da mai walda yawan siminti da tsakuwa da ƙarfen da aikin zai ci, su rubuta lissafin da hannunsu, su kai shi gaban kwamitin kula da makaranta da magajin gari a zama na gaba.